Na Duba Gabas, Hadari Ya Zo Ta Yamma

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe ni ranar da babu komai a ƙarƙashin ƙafata sai iska.

Sunana Bitrus. Waɗanda suka daɗe a wannan zumunci namu na Danau Kota sun san ni. Sababbi ba su san ni ba, domin na yi shekara uku ban taka ƙofar nan ba. Fasto Haruna ya ce in rubuta shaidata a takarda, wai idan aka bar ni da baki zan kai la'asar ban gama ba. To na rubuta. Karatuna bai yi nisa ba, inda na karkace ku yi haƙuri. Abu ɗaya dai na yi wa Ubangiji alkawari: babu ƙarya ko ɗaya a takardar nan. Na gaji da ita.

Ni mutumin wani ƙauye ne a bayan Ƙafur. Makaniki ne ni, na babur da janareto da injin ban-ruwa. Shekara goma sha uku ke nan da zuwana ƙasar nan ta Malesiya. Wani ɗan garinmu ne ya kawo ni aiki a yadin da ake yanka tsofaffin motoci, a ciro inji a loda a kwantena zuwa Legas. Aikin da nake yi ke nan har yau. Takarduna kuma daidai suke, tun kafin wani ya fara raɗa a baya can.

Ranar da na bar gida, 'yata Alheri tana da shekara tara. Ita ta riƙe min ƙaramar jaka har bakin titi. Na ce wa matata Rifkatu shekara biyu kawai zan yi, in dawo in buɗe gareji mai rufin kwano da sunana a jiki. Shekara biyu ta zo ta wuce. Abin da nake samu yana isa su ci, yarinya ta yi makaranta, ni kuma in kwana a ɗaki in ci gurasar roti a mamak, wato shagon abinci mai araha. Bai taɓa isa gareji ba. Duk Kirsimeti sai in ce, "Baɗi, da yardar Allah." Har Rifkatu ta daina tambaya. 'Yan'uwa, shirun nan nata ya fi tambayar ciwo.

Kada ku ɗauka jirgi ne ya gagare ni. Da na matse, da na je. Kunya ce. A ce mutum ya tafi ƙasar waje shekara da shekaru, ya dawo da sifanar da ya tafi da ita? Ina kwance sai in ga fuskokin mutanen tashar babur ɗinmu, in ji irin dariyar da za su yi. Sai in juya in kalli bango.

Wata rana wani Bamalaye ya shigo yadinmu yana neman wanda ya san ƙaramin inji. Sunansa Rahim, muna ce masa Abang Rahim, wato Yaya Rahim, sa'ana ne, gajere mai furfura a haɓa. A bayan motarsa akwai wani abu kamar ƙatuwar fanka a cikin keji, da kujerar yadi a gabanta.

Na ce masa da Malayancina mai ɗingishi, "Abang, wannan fankar gidan biki ce?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Wannan jirgina ne, bos. Boleh? Za ka iya gyarawa?"

Na buɗe. Ashe ba wani abu ba ne, injin babur ne mai fistin ɗaya, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Kafireto ne ya toshe. Kafin shayinsa ya huce na tayar masa da shi. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ce in zo ranar Lahadi in ga abin da na gyara.

Abin nan faramoto ake ce masa. Inji ne za ka goya a baya kamar yadda mace ke goya yaro, da farfela a bayansa. Sai wata doguwar lema ta yadi mara nauyi, da siraran igiyoyi barkatai da ke haɗa ta da kujerarka. Za ka shimfiɗa lemar a ƙasa, ka fuskanci iska, ka ruga da gudu. Lemar ta cika ta hau bisa kanka, ka matsa totur, kana gudu kana gudu, sai kawai ka ji ƙafarka tana taka wofi. Birki igiya biyu ne, ɗaya a kowane hannu. Ka ja na dama ka yi dama, ka ja na hagu ka yi hagu. Shi ke nan jirgin.

Ba a tashi da shi a cikin Kuala Lumpur. Sararin birnin nan na manyan jirage ne, wanda ya gwada zai kwana a hannun hukuma. Sai an fita can wajen Kuala Selangor, kusa da teku, inda gonakin shinkafa suke. A nan ƙungiyarsu take da filin da aka ba su izini.

Ranar farko Abang Rahim ya ɗaure ni a gabansa muka tashi tare. Na rufe ido har sai da ya buge ni a kafaɗa. Da na buɗe, 'yan'uwa, na ga fadamarmu. Ban ƙara gishiri ba. Shinkafa kore shar har iyakar gani, ruwa yana walƙiya a tsakanin kunyoyi, balbelu farare suna tashi a ƙarƙashina, wani hayaƙi siriri yana fita daga bayan wani gida. Wata mata tana tafiya a kan gaɓar gona da kwando, tafiyarta sak ta Rifkatu. Shekara goma ina kallon bene da gadar sama da jirgin ƙasa, ban san haka idona yake jin yunwa ba. Na yi kuka a cikin hular kwano, iska tana busar da hawayen, ba wanda ya sani.

Da muka sauka na tambaye shi, "Ta ina Najeriya take?" Ya duba wayarsa, ya nuna min wajen teku, yamma. Tun daga ranar, duk tashin da na yi, can nake juya fuskata.

Wata uku na yi ina koyo a ƙasa, ina gudu da lema a fili kamar wanda aljanu suka kama, ina faɗuwa, matasan Malayu suna min tafi. Abang Rahim ba ya wasa da ƙa'ida. Sai da na ci jarrabawarsa, aka rubuta sunana a ƙungiya, aka yi min takardar shaida, sannan ya bar ni na tashi ni kaɗai a sama. Ya haɗa ni da wani tsohon inji da mai shi ya gaji da shi, ni kuma na zama makanikin kowa a filin.

Kullum kafin a tashi sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Hular kwano. Maɗaurin cinya biyu, na ƙirji ɗaya, ya ja kowanne da hannunsa. Oba-oba a kunne. Rigar hana nutsewa idan za ka kusanci teku. Kafin ka tayar da inji ka ɗaga murya kowa ya matsa daga farfela, domin ta taɓa cire wa wani yatsu. Akwai tsayin da ba a wucewa. Ba a bi ta kan gidajen mutane, ba a kusantar wayar lantarki, ba a shiga gajimare, rana ta faɗi kana ƙasa. Sannan guda biyu da yake nanatawa har mu gaji: kada ka je fili ka tashi babu kowa, kuma kada ka tashi ba ka duba hoton hadari a waya ba.

Akwai kuma ƙaramar lema ta ko-ta-kwana, a naɗe a cikin jaka a gefen kujera, da jan mariƙi. Lokaci lokaci sai an kwance ta an shanya an sake naɗewa, domin damshin ƙasar nan yana sa yadin ya manne. Ni dai kun san halinmu. Na ce masa, "Abang, abin da ba a taɓa buɗewa ba, me zai same shi? A yi maneji."

Ya ce, "Babu maneji a sama, lah. Maneji a babur, babur ya mutu ka tura. Wannan wa zai tura maka?" Ya ƙwace ta da hannunsa, ya sa ni na durƙusa muka naɗe tare, ina gunaguni.

Ku ji ni da kyau, ban ce tashi zunubi ne ba. Mutanen filin nan mutanen kirki ne, sun ci da ni sun sha da ni. Ni ne na mai da abin wani abu dabam. Iska mai kyau da sassafe take, kuma Lahadi ce kaɗai ranar hutuna. Sai sujada ta tafi. Da farko ina cewa mako ɗaya can, mako ɗaya nan. Daga baya ko lissafin ban yi. Litinin zuwa Asabar ina yanka ƙarfe, amma raina yana kan gonakin nan. Idan aka yi ruwa ranar Lahadi, sai in wuni ina jin haushin kowa, kamar mai shaye-shaye da aka ɓoye wa kwalba.

Fasto Haruna ya neme ni har ya same ni a wani mamak kusa da tashar Titiwangsa. Ya ce, "Baba Bitrus, kujerarka ta yi ƙura."

Na ce, "Fasto, ai ranar Lahadi na fi ku kusa da Allah. Kuna ƙasa, ina sama."

Ya ce, "Ka fi mu kusa da gajimare dai, Baba."

Na yi masa tapau na shinkafa, wato ƙunshin tafiya da shi gida, na sallame shi. Allah ya gafarta min.

Yanzu ga babban abin. Wata rana aka ɗauke ni hoto da hular kwano da baƙin tabarau da oba-oba a ƙirji, gajimare a bayana. Na aika gida. Ƙanena Ishaku ya ɗauka ya zaga gari da shi, wai yayansa ya zama pailot a Malesiya. Kafin mako ya ƙare har a cocinmu na gida an yi godiya saboda ni. Ana kiran Alheri 'yar pailot. Ishaku ya kira ni yana ihu, "Yaya, ashe abin da kake ɓoye mana ke nan!"

A nan ya kamata in ce a'a. Kalma ɗaya ce. Ban faɗa ba. Ta yi min daɗi, 'yan'uwa. Karo na farko a rayuwata aka ambaci sunana a gari ba don babur ɗin wani ya lalace ba. Daga nan idan muna waya sai in ce, "Bari in kwanta, gobe ina da tashi da sassafe." Maganar gaskiya ce, amma na san abin da nake so su ji. Da, kunya ɗaya ce take tare min hanyar gida. Yanzu na gina wa kaina ta biyu, wadda ta fi ta farko tsayi.

Ana nan, wata Asabar da yamma Rifkatu ta kira. Ba ta yi doguwar gaisuwa ba.

Ta ce, "Baban Alheri, an sa ranar auren Alheri. Bayan girbi."

Na san da maganar yaron, malamin makaranta ne, na yarda tun bara ta waya. Na ce madalla.

Ta ce, "An tambaya wa zai miƙa ta a coci. Na ce Ishaku yana nan. Ta ce ita ba Ishaku ne ya haife ta ba. Idan ba kai ba, ita kaɗai za ta shiga, kowa ya kalla."

Na fara cewa aiki, sai ta katse ni. "Kai da jirgi yake hannunka, zuwa gida ne zai gagare ka? Za a buga kati. Ka faɗa min kafin wata Lahadin, sunanka za a sa ko a bar wurin haka." Ta kashe.

Washegari gari bai gama wayewa ba ina filin. Babu kowa. Abang Rahim ya riga ya aiko saƙo ga dukanmu cewa yau ba tashi, hadari yana tafe. Na gani. Na karanta. Na mai da wayar aljihu, na ce bari in duba da idona.

A nan ne na yi kuskuren da ba wanda zai yi shi a filin nan sai ni. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya sani, hadari daga gabas yake tasowa. Tun ina yaro babana zai fito daga bukkar gona ya kalli gabas, idan ta yi baƙi mu tattara fartanya, idan tana fari mu ci gaba da noma. Wanda ka gani a yamma kuwa ya riga ya wuce ka, rabon wasu ne. Ban taɓa ganin wannan ya saɓa ba sai da na bar gida.

Na kalli gabas. Tas take, rana tana fitowa ja kamar wuta. Na kalli yamma, ga wani dogon baƙin layi a kwance a kan teku. Na ce a raina, wannan ya wuce, wayar Rahim ce take tsorata shi. Alhali ya sha faɗa mana cewa a wannan lokaci na shekara, hadarin safe daga teku yake zuwa, daga wajen Sumatra, kuma gudu yake yi. Na ji da kunnena ba sau ɗaya ba. Amma idona na Ƙafur ne, shi na bi.

Kuma gaskiya ko da na gane, ban san ko zan fasa ba. So nake in hau sama in kalli wajen gida, ko maganar Rifkatu za ta daina ƙara a kaina.

Iska ta kwanta ɗif, tutar filin ko motsi ba ta yi. Na sha gudu kafin lemar ta ɗauke ni. Na hau, na juya yamma yadda na saba. Ina kallon baƙin layin nan, ina tunanin Alheri, ina ƙoƙarin in haɗa fuskar da nake gani a waya da yarinyar da ta riƙe min jaka. Ban lura layin yana girma ba.

Sanyi ne ya fara taɓa min fuska, da ƙamshin ruwa. Na duba ƙasa, sai na ga bishiyoyin kwakwa na bakin teku sun sunkuya gaba ɗaya, shinkafa tana kwanciya layi layi, abin yana tahowa wajena kamar ana shimfiɗa tabarma. Na ja birkin hagu zan gudu. Ban gama juyawa ba ta iso.

Wayyo! Kamar wani ƙato ya kama ni ta wuyan riga ya jijjiga. Aka ɗaga ni sama, aka sake ni, aka sake ɗagawa. Na saki totur amma hawa nake yi. Ruwa ya sauko kamar tsakuwa. Na ɗaga kai na ga rabin lemar ya naɗe kamar tsumma. Ta buɗe da ƙara, ɗaya gefen ya naɗe. Sai ta fara juyawa da ni. Ƙasa, sama, teku, ƙasa, sama, teku. Na danna oba-oba ina kiran Abang Rahim. Wa zai amsa? Yana gidansa, inda mai hankali yake.

A nan na ga mutuwata, kuma ba ita ce ta fi ba ni tsoro ba. Abin da na gani shi ne cocinmu na gida cike da mutane, ana cewa pailot Bitrus ya rasu a bakin aiki, Ishaku yana riƙe da hoton nan, Alheri tana kuka saboda wani mutum da ba a taɓa yi ba. Ni kuma na ainihi ba ta san ni ba, ba kuwa za ta taɓa sani ba.

Shekara uku ban yi addu'a ba. Ban tuna ko ɗaya daga cikin masu kyau ba. Ihu na yi. Na ce, "Yesu! Ni ba pailot ba ne, ka sani! Makaniki ne ni! Kada ka bar ni in mutu a kan ƙarya! Ka sauke ni in je in miƙa 'yata, ko da rarrafe ne!"

'Yan'uwa, iska ba ta tsaya ba, ba zan ce muku ta tsaya ba. Abin da ya tsaya a cikina yake. Kaina ya dawo. Na ji kamar an dafa ni an ce, yi abin da aka koya maka. Na kashe inji. Na duba gefena na ga jan mariƙin nan. Na kama, na fizge, na jefa jakar iya ƙarfina inda babu igiya.

Ta buɗe! Yabo ga Ubangiji, ta buɗe! Lemar da na ce a yi maneji da ita!

Na ji an finciko ni, juyawar ta tsaya. Iska ta kwashe ni ta kan wata hanya, na ga wayoyin lantarki sun wuce ƙarƙashin takalmina, kusa har ina iya ganin tsatsar ƙarfen. Sannan na faɗa cikin gonar shinkafa mai ruwa, da inji a bayana. Na ji ƙafata ta dama ta yi ƙas. Lemar ta ja ni a cikin taɓo, ina shan ruwa ina tofarwa, har ta sarƙe a jikin wata bishiyar ayaba.

Wani tsoho mai gonar ne ya zo cikin ruwan saman nan da lauje ya yanke igiyoyin. Ya juya ni, ya share min taɓo daga hanci da gefen rigarsa. Yana ta faɗa, ban ji rabin abin da yake cewa ba, ina jin dai shinkafarsa da na kwantar yake yi wa. Yana faɗan yana riƙe da kaina a kan cinyarsa har mota ta zo. Allah ya saka masa.

A asibiti aka sa min ƙarfe a ƙafa. Abang Rahim ya zo, bai ko zauna ba. Ya ce dole ya kai rahoto ga hukuma, kuma saboda ni ana iya rufe musu filin da suka yi shekaru suna nema. Ya ce an dakatar da ni. Ya ce, "Na aiko maka saƙo, bos. Ka karanta, na ga alama."

Na ce, "Na duba gabas, Abang."

Ya ce, "Gabas? Me ka ajiye a gabas?"

Na yi masa bayani. Sannan ya ce, "Shekara goma sha uku, har yanzu sararin garinku kake dubawa. Ka tafi gida, lah." Ya ajiye min lemo a kan tebur ya fita. Filin dai ba a rufe ba, gargaɗi aka yi musu, na gode wa Allah da wannan ma.

Fasto Haruna ya zo da 'yan'uwa biyu, mutanen da na yi wa wulaƙanci. Ba wanda ya ce ai mun faɗa maka. Na faɗa musu komai. Fasto ya yi addu'a, sannan ya ɗauko wayata daga kan tebur ya sa min a hannu, ya ce, "Baba, mun ji. Amma ba mu ka yi wa ba." Suka fita suka ja labule.

Na kira Rifkatu. Na ce, "Maman Alheri, ki zauna, zan faɗa miki magana. Ni ba pailot ba ne. Ban taɓa zama ba. Tsofaffin motoci nake yankawa. Abin da kika gani a hoto abin wasa ne, kuma ya karya min ƙafa. Ba ni da gareji, ba ni da komai. Kunya ce ta hana ni zuwa."

Sai na ji ta ja numfashi.

Ta ce, "Baban Alheri, ka ɗauka ban sani ba? Wane irin pailot ne duk ranar da muka yi waya ta bidiyo farcensa baƙi ƙirin da baƙin mai? Ni makaniki na aura. Na san hannun mijina."

Na ce, "To me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Ina jira ka gaji." Sai muryarta ta karye. "Ka daɗe ba ka gaji ba, Bitrus."

Rabon da ta kira ni da sunana tun kafin a haifi yarinyar. Na kifa fuskata a filo. Mutumin gadon kusa da ni, wani tsohon Ba'indiye, ya miƙo min tawul ɗinsa.

Alheri ita ba ta sani ba, kuma ta ji zafi. Kwana huɗu ba ta ɗauki wayata ba. Na ce shi ke nan, na rasa ta, kuma ni na jawo. A rana ta biyar ta kira. Ta ce, "Baba, na yi ta faɗa wa ƙawayena ƙarya ban sani ba." Na ce haka ne, ki yafe min. Ta ce, "Ƙafar za ta iya taka daga ƙofar coci zuwa gaba?" Na ce da sanda za ta iya. Ta ce, "To a hankali za mu tafi. Ai ba sauri nake ba."

An buga katin, da sunana. Ishaku na sa shi ya koma duk inda ya kai hoton nan ya gyara maganar, yana ta ƙorafi wai na zubar masa da girma a majalisa. Na san za a yi min dariya a tashar babur. Wani zai ce, pailot, ina jirgin? Zan ce masa ya faɗi a gonar shinkafa, kawo babur ɗinka in duba.

Injin na wanke shi na sayar wa wani a ƙungiyar. Ba zan ɓoye muku ba, ina kewarsa. Da safe idan na ga ganye ba ya motsi, jikina yakan tashi. Wataƙila har in mutu zan riƙa jin haka. Amma abin da nake hawa sama in leƙa daga nesa, yanzu zan je in taka shi da ƙafata, ko da ɗaya da rabi ce. Likita ya ce nan da mako uku zan iya zaman jirgi.

'Yan'uwana, da yawa a ɗakin nan kuna da irin hotona. Wani ya tsaya a jikin motar da ba tasa ba a Bukit Bintang. Wani ya bar makaranta tun bara, gida ana jiran digiri. Ban zo in tona kowa ba, ni wa? Ina dai gaya muku, Yesu bai tambaye ni me na tara ba kafin ya buɗe lemar nan. Gaskiya kawai na faɗa masa, da ihu, ya karɓa. Ku dogara gare shi, ku ɗauki waya ku kira gida. Mai yiwuwa can ma sun sani, jira suke ku gaji. Kada ku bari sai kun kai inda na kai.

Roƙo ɗaya nake da shi. Alheri ta ce tela yana jiran awona don kayan biki, kuma babu mai sanin jikina a gida yanzu. Rigar da na bari a akwati ta saurayi ce. Mama Talatu, na san ba kya rabuwa da tef a jaka. Idan an tashi ina bakin ƙofa, ki auna ni ki rubuta da kyau, yau nake so in aika mata.

Na gode wa Ubangiji da ya sauke ni da rai, na gode muku da kuka bar min kujerata. Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.